Tankin da Na Yi Wa Fenti Kafin Na Gwada

Laraba, 4 ga Satumba

Abokina Fikri ya bugo waya. Rabona da ɗaukar wayarsa tun azumi, yau ma hannuna ne ya riga ni. Ya ce ɗansa ya gama masa takardu, Kanada zai koma gaba ɗaya. Fitarsa ta ƙarshe da 'yan babur ita ce Juma'a 25 ga Oktoba, kamar kullum: a haɗu a shagon shayin bakin teku, a wuce garin Abu Ƙir, a ci kifi, a dawo kafin huɗuba.

"Shekara arba'in muna bin hanyar nan tare, Wagdi. Ka zo ko a kan jaki ne."

Na ce zan duba. Ya ce dubawata ta ishe shi, shekara biyu ke nan ina dubawa.

Bai yi ƙarya ba. Tun rasuwar matata Awatif ban fita ko Juma'a ɗaya ba.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na sauka ɗakin ƙasa na yaye wa babur ɗin Baba mayafi. Tsohon ƙirar Ingila, ya girme ni da shekara bakwai. Inji lafiya lau, taya na son iska kawai. Amma tanki, innalillahi. Da mai a ciki na bar shi, tsatsa ta cinye gindin. Na ɗaga shi saitin taga, haske na ratsowa kamar rariya.

Wanda ya kamata in kai wa shi ne Usta Bishai mai walda. Ba zan je ba. A bencinsa 'yan Juma'a suke yini. Ina shiga za a fara, da sunan 'yata kamar yadda suke kirana: "Abu Nermin, ya zaman kaɗaici? Ka rame fa." Ba na so. So nake su gan ni ranar nan a kan babur yana ƙyalli, kowa ya kalli ƙarfe ya ƙyale fuskata.

Asabar, 7 ga Satumba

'Yata Nermin ta kira daga Dubai, na gaya mata. Ta bincika a wayarta ta ce akwai maƙera a Indiya da ke buga irin tankunan nan da hannu, kwafin na asali, su aiko shi tsirara ba fenti. Ta turo hoto. Shi ne sak, har kumburin nan na gefe inda gwiwa ke zama. Na ce ta saya.

"Baba, ka gaya wa Ammu Fikri?"

Haka take kiransa, wato baffa. Na ce kada ta kuskura.

Talata, 17 ga Satumba

Ban yi magana da kowa ba yau sai mai burodi.

Juma'a, 27 ga Satumba

Na ji 'yan babur sun wuce ta babban titi da safe. Ina gane na Fikri a cikin goma, yana da wani tari idan ya sauya giya. Na rufe taga.

Na wanke kafireto karo na biyu, ba don ya yi datti ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Har yanzu kwalin yana hanya. Kwana tara waya na nuna mini sunan gari ɗaya. Mene ne a garin nan, aure ya yi a can?

Na dafa wake ya yi mini yawa. Har yau hannuna bai koyi awon mutum ɗaya ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ya iso!

An naɗe shi da jaridun da ban iya karantawa ba, jikinsa duk maiƙo don kada ya yi tsatsa. Na goge shi a kan teburin cin abinci, abin da Awatif ba za ta taɓa yarda da shi ba. Ana ganin sawun guduma a cikinsa. Wani bawan Allah a wata ƙasa ya zauna ya buga wannan, bai san ni ba, bai san saura kwana goma sha biyu ba. Na ajiye shi kusa da tsohon. Tagwaye. Na ci abincina ina kallonsu, har na kama kaina ina yi musu magana.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na kai shi wajen Usta Zaglul mai fenti, can ƙarshen gari inda ba wanda ya san ni. Baƙi nake so, da siririn layin ruwan zinariya da ake ja da hannu. Ya ce kwana takwas, ba ragi, kowane shafi sai ya bushe.

Ya juya tankin ya leƙa ƙarƙashinsa. "Alhaji, ka ɗora shi a kan babur ɗin ka ɗaure? Ka zuba masa mai ya kwana?"

Na ce ƙwarai kuwa.

Ga shi na rubuta, ƙarya na yi. Kuma na san dokar, ni da bakina na sha gaya wa sababbin shiga: tankin kwafi sai an gwada shi tsirara, a ɗaure, a kwance, a zuba mai a ga ko yana yoyo, sannan fenti. Amma gwaji zai ci kwana biyu, kuma in an sami matsala wajen Bishai zan nufa. Ai na gan su gefe da gefe. Iri ɗaya ne.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Fikri ya kira sau biyu. Ban ɗauka ba. Tsoro nake in ji muryarsa in fasa ƙwai.

Talata, 22 ga Oktoba

Na karɓo. Wallahi ko a zamanin Baba bai yi wannan kyau ba. Na rungumo shi cikin bargo a tasi, direba yana tambaya ko jariri ne.

Bai shiga ba.

Kwarin da ke ƙarƙashinsa, inda ƙashin bayan babur ke shigewa, ya matse. Ya sauka rabi ya cije. Kunnen da ake ɗaure noti a baya kuma ya kauce da faɗin yatsa ɗaya. Yatsa ɗaya tak! Na juya, na karkata, na sa sabulu, na yi addu'a, na yi zagi. Da na ji fenti ya fara ƙara sai na cire hannuna.

Na zauna a ƙasa har aka kira magariba. Ba wanda zan ɗora wa laifi, shi ya fi ƙona mini rai. Shekara sittin da uku, na yi wautar ɗan koyo.

Laraba, 23 ga Oktoba

Yini guda ina kallonsa a kan tebur. In aka sa masa wuta da guduma, fenti ya tafi. In ba a sa ba, ado ne na falo.

Da la'asar na sa takalmi, na kai bakin ƙofa, na dawo na cire.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na je. Da sassafe, kafin benci ya cika.

Usta Bishai ya ɗaga gilashin walda ya dube ni daga sama har ƙasa. Bai ce na rame ba. Cewa ya yi, "A'a, matattu sun fara tashi ke nan? Ba a sanar da mu a coci ba." Sannan ya buɗe bargon. Ya shafa layin zinariyar da bayan yatsa, ya leƙa ƙasa, ya dube ni.

"Kai, Abu Nermin? Kai da kanka?"

Na ce ya yi aikinsa ya bar wa'azi.

Muka turo babur ɗin tare daga gida, shi yana tsaki ni ina haki. Ya sa wuta. Na juya baya, amma warin fenti mai ƙonewa ya same ni inda nake. Ya buɗa kwarin, ya yanke kunnen ya matsar da shi. Kafin azahar tanki ya zauna daram, noti ya shiga da yatsa. Gefen hagu kuwa ya zama toka-toka kamar gindin tukunya. Na ce ba komai, a haka zan hau.

Ya ce saura gwajin da na tsallake. Ya cika shi da fetur, ya ɗora a kan jarida, ya aika aka kawo shayi. Muka sha, yana ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya aurar da 'ya. Bayan la'asar ya ɗaga tankin. Ɗigo ɗaya a kan jarida, bai fi ƙwayar wake ba. Ba ma inda ya taɓa ba ne, tsohon ɗinkin maƙeran ne, daidai saman kan inji.

Na ce ya toshe yanzu. Ya ce tankin da ya sha fetur ba ya ganin wuta sai an wanke shi ya yini yana shan iska. Na ce a liƙa sabulu, gobe kaɗai. Na roƙe shi, ni Wagdi.

"Ka zage ni in kana so," in ji shi. "Ba zan ɗora ka a kan murhu in tura ka Abu Ƙir ba. Na halarci jana'iza ɗaya a gidanka, ta ishe ni."

Na dawo a ƙafa. Da jiya na je, da an gama. Da ranar 14 na je, da har fenti ya tsira. Shi ke nan, Fikri zai tafi ban raka shi ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Ina zaune da jallabiyar barci, shayi ya huce a gabana, sai unguwa ta ɗauki ruri. Ba a babban titi ba, a ƙarƙashin tagata. Babura goma sha ɗaya. Maƙwabta duk sun leƙo.

Fikri ya cire hular kwano yana ihu: "Mai fenti! Sauko! Ko sai an shafa maka shafi na biyu?"

Bakin Bishai ya fi rediyo, Allah ya shirye shi.

Na ce ba ni da babur. Ya bugi kujerar bayansa. Ni da ban taɓa hawa bayan kowa ba tun ina yaro. Na sauko da silifas, suna tafi suna fito, wani yana cewa a kawo wa amarya mayafi.

Da farko ƙarfen baya na riƙe. Da muka hau titin bakin teku ya ƙara wuta da gangan, tsohon banza, dole na rungume shi. Rigarsa na warin mai da taba. A nan na lissafa, rabon da in riƙe wani mutum tun ranar da muka sauke Awatif a kabari. Na yi kuka a bayansa tun daga unguwar Mandara har muka shiga Abu Ƙir. Ya ji, don ya saki hannu ɗaya ya dafa nawa.

Wajen kifi ba wanda ya tambaye ni zaman kaɗaici. Fenti kawai, fenti, fenti, har da masu kwaikwayon muryata ina koyar da dokar gwaji. Na ci kifi biyu.

Talata, 29 ga Oktoba

Jirgin Fikri ya tashi da hantsi. Gidan ya yi shiru fiye da da.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Bishai ya toshe ɗinkin tun makon jiya. Usta Zaglul ya aiko wai in kawo ya sake fenti. Na ce sai an tabbatar ba ya yoyo tukuna.

Saboda haka na fita yau. Gwaji ne kawai. Na ajiye babur a gaban shagon shayi, gefen da ya ƙone yana kallon titi, suka yi ta dariya har mai shayi. Mun je Abu Ƙir mun dawo. Na shafa ƙarƙashin tanki, a bushe ƙayau.

Na nuna wa Bishai yatsana. Ya taɓe baki, ya ce tankin Indiya ba a yarda da shi sai ya yi Juma'a huɗu a jere a kan hanya, wani ma shida.

Ƙarya yake, babu wannan dokar, ni na san dokokin nan kaf. Ban musa masa ba.