Kujerar da Ke Gefenka

Zuwa ga Emmett, sanyin idona, inuwata a tsakar rani, ruwan farko a kan gonar da ta gaji da jira,

Katinka daga Cedar Rapids ya iso. Ka ce tikitin kallon wasa biyu ka saya kamar kullum, ka zauna kai kaɗai kana kallon kujerar da ke gefenka. Wayyo Emmett! Wa ya koya maka yanka mutum da alheri haka?

Ka tuna Davenport, ranar da ruwa ya tsayar da wasan besbol, ƙwallon nan da ake bugawa da sanda? Ma'aikata suna kokawa da tamfol iska na kwasar su, kogi ya cika ya tumbatsa a bayan fili, mu kuma mun maƙale a ƙarƙashin rumfa ɗaya. Ka miƙo mini gyaɗa ka ce, "Baiwar Allah, mai jifan ƙwallon nan ƙaninki ne? Ban ga abin da zai sa mai hankali ya tafa masa ba." Na ce, "Kai da ka tuƙo mota tun daga Ohio don ka gan shi fa?" Dariyarka ta danne tsawa. Tun daga ranar muke bin ƙananan garuruwa kallon wasa, muna zama a kan bencin katako, muna ihu wa yaran da ba wanda ya san sunansu sai mu da iyayensu. Ƙamshin sabuwar ciyawa, gasasshiyar masara, kafaɗarka a jikin tawa. Ashe ina cikin aljanna ban sani ba!

Yanzu fa? Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, duniyata ta tsaya daga garke zuwa bakin gadonsa. Shanu ba su san Lahadi ba, ba su san kakar wasa ba. Safe tatsa, yamma tatsa, tsakani in juya Baba, in ba shi abinci a baki. Nakan rataye rediyo a garke ina sauraron wasan ƙungiyar garin Beloit, injin tatsa yana cinye rabin maganar mai sharhi. Wani lokaci nakan tsaya a bakin shinge ina kallon titi, kamar ɗan maraƙin da aka ɗaure yana jin kukan uwarsa daga nesa. Shin tsuntsun da ya san faɗin sama yana iya mantawa?

Dole in gaya maka abin da ya faru ranar Talata. Mai sayen shanun ya zo da babbar motarsa, kamar yadda muka shirya ni da kai, don in sayar da su in samu damar bin ka. An fara kora su ke nan, sai Baba ya turo kekensa na marasa lafiya har bakin ƙofa, bakinsa a karkace, ya ce, "Bar su su tafi, Marlys. Ki bi mai yawon naki." Yana faɗa hawaye na bin gefen fuskarsa da ba ya motsi. Emmett, na kasa. Na sallami mutumin, motarsa ta koma wayam. Da hannuna na rufe ƙofar da muka daɗe muna turawa.

Ka nemi aurena a Peoria, na ce ka jira in sami kaina. To ban samu ba, kuma ban san ranar samu ba. Ba ni da tafiyar da zan ba ka, ya farin watana, ba ni da kakar wasa ko ɗaya. Abin da nake da shi garke ne, da tsoho mai rigima, da zuciyar da ba ta taɓa juya maka baya ba. In ka ga ba za ka iya ba, wallahi ba zan riƙe ka ba. Ka ci gaba da tafiya, ka riƙa yin ihu da muryar mutum biyu.

In kuwa har yanzu kana so, amsata ita ce e. Ka taho da takalman roba na aikin garke, don na Baba sun yi maka kaɗan.

Taka, a ɗaure ko a sake, har numfashina na ƙarshe,
Marlys