Leshin Mama Rifkatu

Lahadi da dare, Plumstead

Yau Mama Rifkatu ta tare ni a ƙofar coci, ta danƙa mini leshin da ta saya a shagona na intanet. Ta ce, "Ladi, taɓa ki ji." Na taɓa, sai ka ce gidan sauro. Yau na fara ganinsa, don daga China ake tura wa mai saye, ni hoto kawai nake sakawa.

Na kira Maricel, 'yar Philippines da ta koya mini sana'ar a wajen aiki. Wai in yi blocking ɗin Mama kawai, in toshe lambarta. Ita ai ba ta san masu sayen kayanta ba. Ni kuwa benci ɗaya muke zama da Mama, ga leshin da sauran matan zumuntar cocinmu suka saya yana hanya.