Ranar da Aka Kawo Lefen Nusaiba

Daren Asabar, Gidan Dare

Yau aka kawo lefen ɗiyata Nusaiba. Na daɗe ina fargabar ranar nan. Tun da ƙawayenta suka fara ɗora bidiyon lefensu a waya, akwati kan akwati, yarinyar nan ta rage cin abinci. Har ta taɓa ce min ta fasa auren Bashir, wai lefen mahauci abin dariya zai zama a intanet. Na yi faɗa, na yi lallashi, ban san wanda ya shige ta ba.

Da dangin ango suka baje kaya a tabarma, Gwaggo Hajo, yayar babanta, ta ɗaga waya za ta ɗauka. A al'ada amarya ba ta fitowa, amma sai muka ji muryarta ta bayan labule.

"Gwaggo, don Allah a aje wayar. Ku gani da ido, ku sa albarka."

"Ke ɗiyar ga, kunya kike ji a ga kayan?"

"A'a Gwaggo. Ni za ni sa su, ba mutanen waya ba."

Na zaci Gwaggo Hajo za ta yi fushi. Sai ta yi dariya, ta cusa wayar a jaka, ta ce yarinyar ta fi uwarta baki.

Gaskiyarta. Da ni ce, da shiru zan yi.

Ɗazu na leƙa ɗakin Nusaiba, na gan ta gaban madubi tana kara wata atamfa shuɗiya a jikinta, ita kaɗai, tana murmushi. Ban shiga ba.