Madubin Aro

Daren Laraba, Gyaɗi-Gyaɗi

Yau aka buɗe ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, karon farko tun shigata aji huɗu, saboda masu duba makarantu za su zo. Da safe muka kwashe ragar ƙwallo da tsofaffin rigunan gasar gudu da aka jibge a ciki. Sai ga Adaidaita Sahu biyu da kayan gwaji, an aro su daga wata makarantar kuɗi a Hotoro.

Malam Nasiru mai Bayoloji ya tsayar da ni gaban madubin duba ƙwayoyin halitta. Ya ce, "Rabi, idan sun shigo ki sunkuya kamar kina kallo. Kada ki murɗa komai, ba namu ba ne."

Shekara uku ina zana ƙwayar halittar albasa daga allo, har na haddace sassanta. Na kafa ido, amma ban ga komai ba sai duhu da gashin idona. Baƙin suka gyaɗa kai, suka yi rubuce-rubuce, suka fita. Na ce, "Malam, don Allah a saka mini albasar, ko minti ɗaya." Ya ce masu Adaidaita na jira. Bai iya kallon fuskata ba.

Saura wata biyu jarrabawar ƙarshe, kuma wai ni ce mai son zama nas.

Ɗazu Umma ta dawo daga aikinta na shara a asibiti, na ba ta labarin madubin. Ta washe baki ta ce, "To likita, me kika gani a ciki?"

Na ce mata na ga komai. Allah Ya yafe mini.