Wayar Jibo

Karakkai, Bungudu
Satumba, 2021

Zuwa ga Yaya Isah,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da Anti Nafisa da yara kuna lafiya a Gusau. Rabona da rubuta wasiƙa tun ina makaranta, amma tunda aka kashe sabis babu yadda zan yi.

Yaya, 'yan sa-kai sun kama maigidana Jibo. Ka tuna manhajar da ka sa mishi a waya a shagonka, wadda ke ajiye shafukan cututtukan dabbobi ya karanta ko babu intanet? Ita ce sanadi. Wani makiyayi, Dogo, wanda ya daɗe yana sayen maganin shanu wurinmu, ya zo kan saniyarsa tana tari. Jibo ya buɗe waya a ƙofar gida yana nuna mishi hotuna. Wasu suka gani. Kafin la'asar gari ya ɗauka wai wayar Jibo kaɗai ke da sabis, wai da ita yake ba mutanen daji labari. Ka san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma. Sun tafi da shi, sun haɗa da Dogo.

Na ce musu karatu ne a ajiye, kamar hatsi a rumbu, babu wanda ya saurare ni. Don Allah ka zo, ko ka gaya mini abin yi.

Ƙanwarka,
Luba

Zuwa ga Yaya Isah,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ban sani ba ko direban da na ba takardar farko ya same ka. Duk motar da ta tsaya bakin hanya sai na fita in duba ko kai ne.

Jibo yana raye, na kai mishi fura an karɓa, amma ba a bari na gan shi ba. Maigari ya roƙa a dakata har a bincika, sai dai matasa na ta matsa lamba. Matan da muke ɗibar ruwa tare sun daina amsa sallamata. 'Yarmu Hafsat ta dawo daga Islamiyya tana kuka, an ce mata babanta ɗan ta'adda ne. Inna ba ta sani ba tukuna, kada ka faɗa mata, ka san hawan jininta.

Ban iya cin komai, Yaya.

Taka,
Luba

Zuwa ga Yayana Isah,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya ciwon ƙafar da ka ce ya hana ka zuwa? Amsarka ta iso, Allah Ya saka da alheri. Na yi kamar yadda ka ce. Na je gaban Maigari na roƙa a cire layin wayar a bainar jama'a, a riƙe shi a hannu, sannan a buɗe manhajar. Wayar ta mutu, sai da aka nemo mai sola aka yi caji, ni kuwa ina durƙushe ina ta salati, ina tsoron kada ta ƙi buɗewa. Ta buɗe. Shugaban 'yan sa-kai da kansa ya yi ta juya shafukan, shanu ne kawai da sunayen allurai. Aka mayar da layin, ya gwada kira, bai tafi ba. Aka sako Jibo.

Ya dawo da rauni a baya, amma ba wannan ke damuna ba. Dogo ba a sake shi tare da shi ba. Sun ce sun sallame shi tuni, amma bai isa rugarsu ba, kuma iyalinsa sun kwashe, babu wanda ya san inda suka nufa. Jibo ya ce shi ya tsayar da mutumin nan a ƙofar gida ya ga hoto, don haka sai ya nemo shi. Yana maganar bin hanyar Tsafe, inda Dogo ke da dangi. Ka san halin hanyar nan yanzu.

Na yi kuka, na yi roƙo, bai ji ba. Kai yake jin maganarka. Ka rubuto mishi, Yaya, ka ba direban gobe. Ni dai na ɓoye takalmansa a cikin rumbu, amma na san ba za su riƙe shi ba.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Luba