Ƙodata Da Ke Cikinka

Zuwa ga ƙanena Umaru, a Fakku.

Bayan gaisuwa, wadda ladabi kawai ya sa na rubuta.

"Wallahi Yaya, ko kwana guda ba ni tsallake maganin ga." Haka ka ce a asibitin Ingila, kwana fuɗu bayan an yanke ƙodata an dasa maka. Jiya direban motar gero daga Kebbe ya kawo mini saƙon matarka. Wata guda ke nan ƙwayoyin maganin na ƙasan adaka, ƙafafunka sun fara kumbura. Wai dattawan gari sun ce namiji ba ya shan abin da ke raunana jiki, sun haɗa maka sassaƙe na ƙarfafa jini, kana ɗaga ƙwarya safe da yamma.

Da bakina na fassara maka bayanin likita. Jikinka na da dakaru, baƙon da suka gani duk sai sun far masa. Ƙodata baƙuwa ce a wurinsu, ba su san nono ɗaya muka sha ba. Ƙwayoyin ne ke riƙe da su. Kai ko ka kwance su, har kana wasa musu takobi.

Na karanta cewa jiki na da nasa linzami, shi ya sa cikin mace ba ya korar ɗan da ta ɗauka. Masana na can suna neman yadda za su aro shi don irinku. Ba su samo ba tukuna, kuma ba a gindin bishiyar Fakku za a riga su ba.

Lokacin da ka yi ƙyanda ni na goye ka. In na ba ka magani sai ka cije mini yatsa. Tabon na nan, ga kuma na kwiɓina da ke ja duk sanda na yi ruku'u. Ban taɓa yi maka gorinsa ba, Umaruna, sai yau.

Ka ɗauko ƙwayoyin ka sha. In la'asar ta Alhamis ta yi ba ka sauka tashar Tambuwal mu wuce asibiti a Sakkwato ba, ranar Juma'a zan tsaya ƙofar masallacinku. Da an sallame zan tambayi masu sassaƙen, a gaban jama'a, wane ne cikinsu zai kwanta a yanki tasa ƙodar a ba ka. Ni dai guda ta rage mini.

Allah ya tashi kafaɗarka, ya huce mini zuciya.

Yayarka,
Hajo