Irin Albasa Mai Hotona

Zuwa ga ɗana Zayyanu, a Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wagga takarda ta ishe ka lafiya, kai da iyalinka. Allah shi tsare ku, shi ƙara rufin asiri. Mu nan Sifawa sai godiya. An fara yankan gero, ƙafar gwaggonka Tani ta yi sauƙi, Ummi kuma ta sauka lafiya, an sami ɗiya mace. Mode tela ne ke riƙe da alƙalami, na ce mishi kada ya gyara mini kalma ko ɗaya. Sau huɗu na sa a buga maka waya, wata mace tana cewa kana mitin.

Tun shekarar da anka canza hannun tuƙin mota nake tara irin albasa, lokacin ubanka ko aure bai yi ba. Daga nan har Horo Birni ba wanda ya taɓa zuba irina ya dawo da kuka. Shi ya sa da ka kafa kamfaninka ka ce za ka buga hotona da sunana a kan leda, na yarda, na dangwala yatsa a takardarka. Sharaɗi ɗaya na yi maka, kada ka sayar da irin da ya zaga shekara, don irin albasa ba ya jimiri kamar gero.

Mako uku ke nan Ɗanliti na Danchadi ya tare ni ƙofar gida. Ya ce leda shida ya saya a shagonku na Bodinga, ya zuba reno, fangalin ya fito kamar kan mai sanƙo. Har ya yi mini ba'a, wai ko hoton ya kamata ya shuka. Na yi mishi faɗa, na ce ruwa ya cika musu, ya tafi ya koyi noma. Da ya juya baya sai na sake tunani, don Ɗanliti ba ɗan koyo ba ne. Na aika anka sayo mini leda ɗaya, na ƙirga ƙwaya ɗari, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na sa a gindin randa. Bayan mako na buɗe, goma sha tara sunka tsira. Na ce ko idona ne, na sake. Ashirin da biyu.

Shekaranjiya Musa mai kula da sitonku ya zo ya durƙusa gabana. Ya ce ragowar irin bara waccan ce manajanku Lukman ya sa anka cakuɗa da sabo, anka barbaɗe da jan magani don kada a gane. Shi Musa ya ƙi liƙe ledojin, Lukman ya karɓe makulli ya ce ya tafi gida. 'Ya'yansa bakwai, Zayyanu. Jiya na tafi shagon da kaina. Lukman ya ba ni kujera da ruwan sanyi, yana ta ranka shi daɗe, ya ce kamfani ba ya zubar da kaya, kuma sunana yanzu na kamfani ne tunda na dangwala. In na ɓata musu kasuwa, akwai lauya, akwai 'yan sanda. Na tambaye shi wa ya ba da umarni. Ya dube ni ya ce, "Baba Haliru, ni yaron gida ne. Daga sama ta zo."

Wagga magana ita ta hana ni cin abinci. Sama ai kai ne. Ina tsoron 'yan sanda, ban taɓa taka ofishinsu ba, amma na fi tsoron a ce ka sani. Kuma ina tsoron lokaci. Wanda renonsa ya mutu ya yi asarar kwana arba'in, kafin ya sake zubawa ya yi dashe sanyi ya wuce, albasa ba ta yin kai, shekararsa ta tafi ke nan. Mutanen nan ba karatun leda suke yi ba, fuskata suke dubawa su miƙa hannu. Na haura tamanin, ban san ranar da za a kira ni ba, kuma ban san abin da zan faɗa ba in an tsai da ni da manoman Danchadi a bayana.

In ba ka sani ba, ka sa a kwashe ledojin daga kasuwa, ka mai da Musa aikinsa, ka ba mutane iri mai rai tun da sauran lokaci. In ka sani, ka cire hotona, sauran tsakaninka da Allah. Shugaba shi ke fara ɗaukar asara, ba manomi mai fangali huɗu ba.

Ka gaishe da Mariya, da Khalid, da Nana Fatima uwata. Tani na gaishe ka, ban faɗa mata komai ba tukuna.

Ba zan iya jiran amsarka ba, don gobe kasuwar Bodinga ke ci, kuma mutane za su saya. Mode ya roƙe ni in haƙura, na ce ya rubuta kawai. Da an sallame asuba zai ɗauke ni a babur zuwa Danchadi in nemi gafarar Ɗanliti. Daga nan Bodinga, in shimfiɗa buzuna a ƙofar shagonku. Duk wanda ya zo sayen iri zan ce mishi ni ne na jikin ledar, kada ya saya. In an kama ni, ka san inda za ka same ni.

Wassalam. Ni ne baffanka,
Haliru mai iri, Sifawa.